Ka Gaya wa Baba

Shekara ashirin da biyu Sha'aban ya yi yana tuƙa motar kaya a Riyad, kuma a tsawon lokacin nan babu wanda ya taɓa jin sunan 'yarsa ta fari a bakinsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da. Haka ya taso ya ga ubansa yana yi wa yayansu a Dutsin-Ma, shi ma ya ɗauka bai rage komai ba: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a yi masa tambaya baki da baki. In magana ta kama dole, sai a nemi wanda zai kai. Sauran 'ya'yansa huɗu har tsokanarsu yake yi a waya, ya kira wannan sarkin ci, ya kira waccan uwar surutu. Ita kuwa sai dai ka ji ya ce "yarinyar nan", alhali yarinyar nan shekararta talatin da huɗu a duniya.

To matarsa Hansai, da ke can gida, ita ma 'yar wannan makarantar ce, har ma ta fi shi tsanani. Saboda haka labarin Kamila, don sunanta ke nan tunda iyayenta ba za su faɗa muku ba, doguwar hanya yake bi kafin ya iso Riyad. Kamila ta gaya wa ƙanwarta Bilƙisu, Bilƙisu ta gaya wa Hansai, Hansai ta tace ta zubar da abin da ba ta gane ba, ran Juma'a ta miƙa wa Sha'aban abin da ya rage a waya. Abin da ke raguwa kuwa kullum kusan ɗaya ne.

"Karatun addini take yi, Malam. Littattafan mutanen da, waɗanda ba kowa ke iya karanta rubutunsu ba."

Da ta yi Larabci a jami'a a Kano, haka aka ce masa. Da ta wuce Masar, haka aka ce masa, ya yi hamdala. Da aka ce ta tafi Jamus ne ya ɗan tsaya, don shi bai taɓa jin an je Jamus neman addini ba, mota da injin niƙa ya san ana samu a can. Hansai ta ce ai an ce tsofaffin littattafan can aka kwashe aka kai. Ya ce lallai, wannan aikin Turawa ne, ya bar zancen.

A unguwar Batha, cikin Riyad, a shagon shayin da Hausawa ke taruwa bayan sallar Juma'a, sunansa ya daɗe da komawa Baban Malama. In an kira shi haka sai ya ɗaure fuska ya ce a bar wannan magana, amma ranar da aka manta ba a kira ba, shi da kansa zai san yadda ya ja hirar ta biyo ta Jamus.

Ana nan sai wata Juma'a Hansai ta ce yarinyar nan za ta zo Riyad, an gayyace ta wani taron masana a unguwar Murabba. Ranar Alhamis za ta yi jawabi, Juma'a da safe ta tashi, kuma ta ce a gaya wa Baba ta bar sunansa a ƙofa. Rabon da Sha'aban ya sa ta a ido shekara shida, don duk hutun da ya je gida tana can, duk zuwan da ta yi yana nan. Ranar ya isa shagon shayi yana ta murmushi shi kaɗai, kafin a kawo masa kofi labari ya zaga.

Cikin masu zaman shagon akwai Nu'uman, wani mai sayar da wayoyi da ya taɓa yin shekara biyu a makarantar Larabci, wanda tun daga lokacin ba a gama magana a gabansa bai gyara ba. Ya zaro waya ya ce bari ya nemo sanarwar taron, a ga sunan Malama da ido. Ya latsa, ya latsa, sai aka ga ya daina murmushi.

"Alhaji, ka ce addini take karantawa?"

"Haka aka ce mini."

"Addini ne kam. Sai dai ba namu ba."

Ya karanta da Larabci, sannan ya fassara da ƙarfi, har mai shayin sai da ya waiwayo: Dokta Kamila Sha'aban, malamar jami'a a Jamus, ƙwararriya a tarihin Kiristancin farko. Ya juyo da wayar kowa ya gani. Ga ta nan a hoto, tsaye cikin rana kusa da wani jan dutse, yatsanta a kan wani zane da aka sassaƙa a jikinsa. Ba sai an gaya wa kowa ba, gicciye ne.

Sha'aban ya ƙura wa hoton ido har idon ya kawo ruwa. Fuskar ya gane ta, hancin gidansu ne sak. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda aka yi sunansa, Sha'aban, ya je ya zauna daram kusa da waccan kalmar.

Yacouba ne ya fara magana, abokin ɗakinsa, mutumin Maraɗi, mai lodi a ma'ajiyar kamfanin kayan ɗakin da suke wa aiki. Ya ce, "To ai ga ta nan da lulluɓinta."

"Matan coci ma suna lulluɓi," in ji Nu'uman.

"In da ta sake addini, ƙasag ga za su gayyato ta?"

"Su masana ba ruwansu da wannan, takarda suke dubawa."

Nan fa kowa ya saka baki. Wani ya ce ai ƙila karanta shi take don ta ƙaryata su, irin masu muhawarar nan. Wani ya ce wanda ya shekara goma yana juya littattafansu, ko bai shiga ba ya leƙa. Wani ya tambaya shin Kiristanci ma yana da na farko da na biyu ne, babu wanda ya amsa masa, har Nu'uman. Sha'aban ya tashi ya bar shayinsa bai kurɓa ba. Babu wanda ya ce Baban Malama sai an jima.

A bakin titi ya sake kiran Hansai, abin da bai taɓa yi ba sau biyu a Juma'a ɗaya.

"Yarinyar nan tana sallah?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Malam? Da ta zo bara ina ganin tana shiga ɗaki da buta."

"Buta kika gani ko sallah kika gani?"

Hansai ta ce to ita ai ba ta shiga ɗakin in tana ciki, ya za a yi ta shiga? Bari ta tambayi Bilƙisu. Ya ba Hansai labarin hoton da abin da aka faɗa a shagon shayi, aka tambayi Bilƙisu, amsa ta dawo washegari: Bilƙisu ta ce Yaya tana sallah mana, amma in Baba yana da shakka ga ta nan za ta zo inda yake, ya tambaye ta da bakinsa. Sha'aban ya ji haushin wannan amsa ƙwarai. Da "mana" ɗin da "amma" ɗin, bai san wanda zai kama ba, kuma Bilƙisu dama ko kisa yayarta ta yi rufa mata asiri za ta yi.

Kwanakin da suka biyo baya kansa bai zauna daidai ba. Ranar Lahadi ya ɗauki gado daga Birnin Masana'antu na Biyu ya kai shi unguwar da ba ita ba, ya tsaya yana musu da wata tsohuwa da ta rantse ba ta sayi gado ba. Mudir, shugabansu na wurin aiki, ya yi ta zazzaga masa faɗa, yana cewa shekara ashirin da biyu, ya Sha'aban, yau ne za ka ɓace a Riyad? Shi dai sai "ma'alesh" yake ta maimaitawa. In ya ce ba zai je taron ba, zuciyarsa ta ce shekara shida, kuma Juma'a za ta tashi, wa ya san ranar sake haɗuwa. In ya ce zai je, ta ce in ka je ka tarar gaskiya ne fa, da wane ido za ka kalle ta, da wane baki za ka sa mata albarka? Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a ce 'yar da ya yi wa kiran sallah a kunne ranar da aka haife ta ta fita daga hannunsa tun tuni shi yana nan yana karɓar kirari a shagon shayi. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama, kalma biyu tak, kuma ita ce bakinsa ba zai iya furtawa a gabanta ba.

Ranar Laraba suna cin kabsa, shinkafar Larabawa, a gindin mota lokacin hutun rana, ya ce wa Yacouba, "Gobe za ka raka ni. Kai za ka tambaye ta."

Yacouba ya tsaya da loma a hannu. "Ni? Ɗiyakka, ni in tambaye ta? In ce mata mi?"

"Ka san yadda za ka yi. Ka bi da ita a hankali."

"Wallahi mutanen Najeriya kuna da abin mamaki. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma taka ta wuce misali."

Ya yi ta gunaguni har aka koma aiki, amma da safe shi ya fara goge babbar rigarsa.

Suka nemi izinin rabin yini, suka tafi Murabba a motar kayan, da kujeru biyu na wani mutum ɗaure a baya. Sha'aban ya sha wuce gidan tarihin da ke unguwar da tsohuwar fadar da ke kusa da shi, amma bai taɓa tunanin akwai ranar da zai ajiye mota ya shiga ɗaya daga cikin gine-ginen wurin ba. A ƙofar zauren wata budurwa Balarabiya na zaune da takardar sunaye. Ta tambaye su wurin wa suka zo.

Sha'aban ya buɗe baki, ya rufe. Ya nuna allon sanarwa da ke jingine, inda hoton nan na jan dutse yake.

"Wace daga ciki, ya ammi? Masu jawabi shida ne."

Ya sake nunawa, yana kallon gefe. Budurwar ta dubi Yacouba ko mutumin nan kurma ne. Yacouba ya ce, "Dokta Kamila. Wanga ubanta ne." Nan take ta miƙe, ta ce marhaba, ta kai su har layin gaba, inda Sha'aban ya fi ƙin zama a duniya.

Wani farfesa mai farin gemu ya tashi gabatar da ita. Larabcin Sha'aban na titi ne, na yalla da halas da kawo iƙama, wato takardar izinin zama, shi kuwa wannan bawan Allah irin na littafi yake zubawa, saboda haka tsinta-tsinta Sha'aban ya riƙa yi. Ya ji Kano. Ya ji Alƙahira. Ya ji an lissafa harsuna, har huɗu ko biyar, ya gane na Girka da na Habasha, sauran suka wuce shi. Ya ji Najran, ya ɗan saki jiki, don ya taɓa kai kaya Najran, gari ne na Musulmi kamar kowane. Sai kuma ya ji Nasara, Nasara, har sau uku, jikinsa ya sake yin sanyi.

Ta fito. Doguwar riga ruwan toka, mayafi baƙi, tabarau. Ta yi sallama cikakkiya, Yacouba ya zungure shi da gwiwar hannu. Ta fara da bisimilla, Yacouba ya sake zungurinsa. Daga nan aka haska bango, sai ga gicciye ya cika shi tun daga sama har ƙasa, Yacouba ya janye hannunsa ya ajiye a cinya.

Kusan awa guda tana magana. Ta nuna duwatsu masu rubutu, ta nuna tsofaffin takardun fata da wani irin rubutu mai kama da Larabcin da aka kwantar, ta karanta shi da baki kamar tana karanta wasiƙar gida. Manyan mutane masu furfura suna ta rubuta abin da take faɗa. Sha'aban ya rasa abin da zai ji. In ya ga yadda ake sauraronta sai ƙirjinsa ya cika, ya ji kamar ya juya ya ce wa na bayansa tawa ce. In ya ɗaga kai ya ga abin da ke bango sai ya ji kamar ya nemi ƙofa. A wani wuri muryarta ta yi rawa, ta tsaya ta kurɓi ruwa, shi kuwa bai san a kan me ba. Wannan ya fi komai damunsa: 'yarsa na gab da kuka a gaban mutane a kan wani abu, shi ko sunan abin bai sani ba.

Da aka tashi, mutane suka yanyame ta. Ta ratsa su ta taho, ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa, a kan shimfiɗar zauren, farfesoshi na kallo.

"Baba, ina wuni. Na same ku lafiya?"

Sha'aban ya dubi bango, ya ga gicciyen bai gushe ba, ya mai da ido kan silin. Ya ce wa Yacouba, "Ka ce mata sannu da zuwa."

"Ya ce sannu da zuwa," in ji Yacouba, alhali tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba.

Farfesa mai farin gemu ya matso ya ce mota na jiran Dokta a waje. Ta ce ta gode, babanta ya zo da mota. Haka ta fito da jakarta ta takardu ta hau gaban motar kaya. Mazauni uku ne a gaban: Sha'aban a sitiyari, Yacouba a tsakiya, ita a jikin taga.

La'asar ta yi sanyi, titi ya cika. Sha'aban ya yi gyaran murya, Yacouba ya gane an ba shi umarni.

"Ɗiyata, can Jamus akwai masallatai kuwa?"

"Akwai, Baffa."

"Madalla. Kusa da gidanki?"

"Da ɗan nisa."

Yacouba ya juya wurin Sha'aban. "Ta ce da ɗan nisa." Sha'aban ya harare shi. Yacouba ya sake juyawa. "To shi wanga karatu naki, mi ya kai ki cikinsa? Ga fiƙihu, ga hadisi."

Ta dubi motocin da ke gaba. Sannan ta ce, "Baffa, ka gaya wa Baba, ina shekara tara ya ja mu sallar magariba a tsakar gida, kafin ya taho ƙasar nan. Ya karanta surar nan da ke ba da labarin muminan da aka haƙa wa rami aka cika da wuta aka jefa su. A satin aka fassara mana ita a Islamiyya, na kasa barci. Da aka sallame na ce, Baba, su wane ne mutanen nan? A wane gari suke? Suna da 'ya'ya?"

Yacouba ya buɗe baki zai maimaita, ya ga babu amfani, ya rufe.

"Ka gaya masa bai amsa ba. Ya ce wa Umma ta ce mini in naɗe tabarma in kai ɗaki."

Sha'aban ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya tuna tabarmar, mai jan baki ce. Ya tuna 'yar muryar a bayansa.

"Na tambayi malaminmu, ya ce mutanen da ne. Na yi Larabci a Kano don in karanta tafsiri da kaina, na tarar malamai da yawa sun ce mutanen Najran ne, mabiya Annabi Isa, kafin a haifi Manzon Allah. A Masar aka ce mini akwai wasiƙun da mutanen zamanin suka rubuta a kan abin da ya faru, amma da Suryaniyanci suke. Na nemi wani tsoho ɗan Iraƙi ya koya mini, shekara biyu. Daga nan aka ce wani ɓangaren labarin da harshen Girka yake, wani da tsohon harshen Habasha, kuma masu koyar da su suna Jamus. Ban taɓa zama na ce ga abin da zan zama ba, Baffa. Tambayar ce take ta ja na, in na buɗe ƙofa in tarar da wata."

Yacouba ya dafe kai. "Tsaya, tsaya. Kina nufin mutanen cikin surag ga da muke sallah da ita..."

"Haka malamai da yawa suka ce. Wasu sun kawo wasu wuraren, Allah ne mafi sani."

Yacouba ya dubi Sha'aban, Sha'aban ya dubi titi. Shekara hamsin yana karanta surar nan, yana jin tausayin mutanen, kuma a ransa ya ɗauka wasu ne masu rawani da carbi irin mutanen Dutsin-Ma. Yanzu kansa ya ƙara ɗaurewa fiye da yadda ya shigo zauren. Amma duk wannan bai amsa tambayarsa ba. Ya sake gyaran murya, da ƙarfi.

Sun iso Batha ke nan, motoci sun cushe, masu canjin kuɗi da masu jiran bas sun cika gefen titi. Yacouba ya dubi dama, ya dubi hagu, gumi na bin wuyan babbar rigarsa.

"Ɗiyata, buɗe mini ƙofa."

"Ina za ka?" in ji Sha'aban.

"Ni ba wayar tarho ba ne. Ga ka ga ta. Wallahi ba ni tambayar ɗiyar mutane wagga magana, in kana so ka yi da bakinka."

Kamila ta sauka ta ba shi hanya, ya dira, ya kutsa cikin jama'a ko waiwaye bai yi ba. Ta koma ta zauna a jikin taga, ta rufe ƙofa. Mazaunin tsakiya ya zama fili, har da ɗan lotsawar da Yacouba ya bari.

Motar ta matsa taku kaɗan ta tsaya. Sha'aban ya gyara madubin da ba abin da ya same shi, ya kunna rediyo ya kashe. Tunda aka haife ta bai taɓa zama shi da ita su biyu ba, sai yau, a tsakiyar Batha, ba hanyar gaba ba ta baya.

Sai ta juyo, ba wurinsa ba, wurin mazaunin da ba kowa.

"Baffa Yacouba," ta ce a hankali, "ka gaya wa Baba ina sallah. Ban taɓa bari ba. A Jamus bayan kantocin littattafai nake shimfiɗa ɗankwalina in yi, har masu gadin wurin sun san lokutana. Ka gaya masa Bilƙisu ta faɗa mini komai. Ban ji haushin ya yi shakka ba, kowa ya ga hoton nan zai yi. Abin da ya yi mini ciwo, ya tambayi Umma, ya tambayi Bilƙisu, ya saurari mutanen shagon shayi, ya ɗauko ka tun daga wurin aiki. Ni kaɗai ce bai tambaya ba, kuma ni kaɗai na san amsar."

Ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi.

Wani nauyi da ya kwana shida a ƙirjin Sha'aban ya sauka, amma kafin ya ji daɗin saukarsa wani ya hau, wanda ya fi shi. Kunya ce, amma ba irin wadda ya gada ba. Yarinya ta yi masa tambaya a kan tabarma, ya kau da kai, ta tashi ta bi duniya shekara ashirin da biyar tana neman amsa a bakin baƙi, har da tsohon Iraƙi. Shi kuwa ko a ranar ba kunya kaɗai ta hana shi ba. Bai san amsar ba ne, kunyar ta ba shi wurin ɓuya.

Ya dubi mazaunin tsakiya, ya ga ba mai kai masa. Sunan ya yi masa nauyi a harshe kamar bai taɓa jin sa ba, alhali shi ya raɗa shi a kunnen liman ranar suna.

"Kamila."

Ta ɗago da sauri, har jakar ta zame daga cinyarta.

"Na'am, Baba."

"Ran nan ban sani ba ne. Da na sani ma ban san ko zan iya gaya miki ba, amma ban sani ba."

Hanya ta buɗe, na baya suka fara danna oda, wani ɗan tasi ya leƙo yana ihu yalla, yalla. Sha'aban bai ko taɓa giyar motar ba. Ya juyo ya dube ta sosai, ido cikin ido, abin da bai yi ba tun tana cikin zanin goyo.

"Mutanen nan," ya ce, "suna da 'ya'ya?"

Muryarta ta yi rawa kamar yadda ta yi a zauren, sai yanzu ya gane a kan me.

"Suna da su, Baba. An rubuta labarin wata mata da 'ya'yanta mata. Har sunanta na sani."

Ya sa giya, motar ta motsa. Masaukinta na hannun dama, ya kunna sigina ya yi hagu, hanyar da ta fi nisa.

"To faɗa mini," ya ce. "Tun daga farko."